Tina Ko Kamfawun: Wanne Zai Cire Fentin Adaidaita Daga Jikin Mota?

Hajiya, sannu da wannan tsautsayi, Allah ya kiyaye gaba. Kin ce wani mai Adaidaita Sahu ya goge ki a cunkoso, ya bar miki dogon layi ruwan ɗorawa tun daga ƙofar baya har zuwa bamba, a jikin farar Corolla. Direbanki ya ce a kawo tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, a goge yanzu-yanzu, ƙaninki kuma ya ce a sayo kamfawun ɗin da masu fenti ke folish da shi. Kina son jin wanne za ki bi.

Kafin a raba gardamar nan, a fara wanke wurin da ruwa da sabulu. Ƙurar da ke kwance a jikin mota yashi ce, balle da hunturu, kuma duk wanda ya ɗora tsumma a kanta ya murza, samfefa ya sa wa motar bai sani ba. In ta bushe, ki bi layin da farcenki a hankali. Inda kika ji kamar tudu ne, abu a kan abu, to fentin Adaidaitar ne ya zauna a saman naki, zai fita. Inda farce ya faɗa rami ya maƙale, can an yanki fentinki ne, babu tina ko kamfawun da zai mayar da abin da ya tafi. Sau da yawa layi ɗaya yakan haɗa biyun, tsakiya ya yi zurfi, gefe da gefe kuma shafa ce kawai.

Tina narkarwa take yi. Kamfawun kankarewa yake yi. Duk sauran bambancin daga nan ya taso.

Fentin mota hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, sai kalar, sai wani shafi garai-garai a sama wanda masu fenti ke kira kiliya, shi ke ba da sheƙi, shi ke tare rana. Kaurin kiliyar da ta fito daga kamfani bai cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato bai wuce rabin kaurin takardar da ake sa wa firinta ba. Kamfawun kuwa man shafawa ne da aka cuɗa da ɓarɓashi mai laushi ƙwarai. Idan ana murza shi, yana cin baƙon fentin, yana kuma ɗan cin kiliyar da ke kewaye, shi ya sa yake tafiya da ƙananan karce-karcen da gogar ta bari. Wannan aikin tina ba ta iya shi. Ita za ta ɗauke ruwan ɗorawar ta bar miki wurin dususu da zane-zanensa, ƙarshenta dai sai an dawo ga kamfawun ɗin.

Ta fuskar sauri, direbanki bai yi ƙarya ba. Tsumma ɗaya da aka ɗiga wa tina zai share a daƙiƙoƙi abin da kamfawun zai ci minti ashirin ana murza shi da hannu. Matsalar ita ce tina ba ta san fentin wa take narkarwa ba. A kamfani gasa fentin ake yi a zafin da ya kai wajen digiri 140, ya ƙanƙame, don haka yakan jure shafa ɗaya ta sauri in an bi da ruwa nan take. To amma motoci nawa ne a titunanmu ke yawo da fentin kamfani a kowane ɓangare? Yawancin Beljiyam ɗin da muke saya an taɓa wani sashe nasu kafin su iso, ko bayan isowarsu. In mai fentin ya yi amfani da mai araha, irin wanda iska kawai ke busarwa, ko ya yi rowar hadina, wato sinadarin da ke sa fenti ƙarfi, tina za ta jiƙa shi kamar yadda za ta jiƙa na Adaidaitar.

Na gani da idona, a tawa motar. Wata ƙofar gida na goga da fenda, koren fenti ya kwanta. Yaron da ke min wanki ya ce in bar masa. Ina tsaye ya tsoma tsumma a tina ya shafa, koren ya tafi, na fara murmushi. Ya koma karo na biyu don ya gyara, sai na ga tsumman ya fara jan jiki, yana mannewa, kuma kalar motata ce a jikinsa. Wurin ya yi yamutse kamar fatar madarar da aka tafasa. Ashe fendar an taɓa yi mata fenti kafin in saya, ban sani ba. Abin da zai ci min kuɗin gwangwanin kamfawun ɗaya sai da ya kai ni ga fesa fenda sukutum, kalar ma ba ta zo daidai da ta ƙofa ba har na sayar da motar.

Kamfawun ma yana da nasa laifin, sai dai shi yana ba da sanarwa. Ɓarnarsa a hankali take zuwa, mutum na gani zai iya tsayawa. Inda ake samun matsala shi ne a kan gefuna da layukan da jikin mota ya karye, don fenti ya fi siranta a can, da kuma lokacin da aka sa inji a hannun wanda bai ƙware ba. Kiliyar da aka rage ba ta tsirowa, kuma ranar Arewa ba ta tausayin wurin da ya yi siriri. Shi ne ake ganin rufin mota da bonet suna saɓa fari-fari. Da hannu dai, a wuri ɗan kaɗan, da wuya ki yi lahani. Kowanne kika samu cikin Farecla G3, 3M, Meguiar's ko Turtle Wax zai yi. A inuwa za a yi, jikin motar da sanyi, da tsumma mai laushi, ɗan ɗigo kamar ƙwayar wake, a yi wurin da bai wuce tafin hannu ba, a share, a duba, a ci gaba.

Akwai abu ɗaya da ya shafi motarki musamman. Ki buɗe ƙofar direba, ki duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin, wurin da aka rubuta C/TR. Lambobi uku na farko su ne lambar kala. In kin ga 040, farin Toyota ne na yau da kullum, kuma da yawan motocin da ke ɗauke da shi, musamman na shekarun baya, ba su da kiliya sam, kala da sheƙi a haɗe suke. Gwajin mai sauƙi ne: a sa kamfawun a baƙin tsumma a murza wani lungu, in fari ya fito sosai a jiki kamar alli, to babu kiliya. Ba abin tsoro ba ne, irin wannan fentin yana karɓar folish da kyau, har ya fi kewayensa haske. Tina ce dai ba zan kai kusa da shi ba.

Da ni ce ke, ba ma da kamfawun zan fara ba. WD-40, man feshin nan na sassauta tsatsa, ko ɗan kalanzir a tsumma, a ɗora a bar shi minti biyu ko uku, yakan sassauta baƙon fenti ya fita da murza kaɗan, kuma bai da zafin tina. A wanke maiƙon da sabulu, abin da ya rage sai kamfawun ya ƙarasa. Man goge baki da mutane ke yawan faɗa, kamfawun ne mai rauni, zai yi wa ɗigon da bai fi kan yatsa ba, ba layin da ya kai bamba ba. Ruwan goge farce ɗan'uwan tina ne, hukuncinsu ɗaya. Man birki kuwa kar a kuskura, shi fenti yake ci har ƙarfe. Haka soson ƙarfe da koren soson wanke-wanke.

Shin tina ba ta da rana ke nan? Tana da ita, a hannun mai fentin da ya san abin da ke jikin motar, ya gwada a cikin bakin ƙofa inda ido ba ya kaiwa, ya shafa sau ɗaya ya bi da ruwa. Ko shi ɗin ba zai sa ta a baƙar robar da ba a yi wa fenti ba, don takan bar farin tabo da ba ya fita. Kuma in an fesa wurin cikin wata ɗaya ko biyu da suka wuce, ki mayar masa da motar kawai, sabon fenti bai gama ƙarfi ba.

Bayan an gama, a shafa waks, don duk abin da aka yi ya kwashe wanda ke wurin. Sannan a zuba ruwa a kan layin a duba: karcen da ya ɓace in ya jiƙe sama-sama ne, folish zai rage shi. Wanda ya tsaya yana nuna toka-toka ko hasken ƙarfe, shi kam a kai wa mai fenti lambar nan ta jikin ƙofa ya haɗa kala ya cike shi da ɗan buroshi kafin damina ta sauka. Bamba roba ce, ba ta tsatsa, tana iya jira. Ƙofar ce ba za ta jira ba.