Daga Damagaram, ta Kano za ka tashi ko ta Yamai?

Kullum sai an tambaye ni wannan tunda an san ni da son zancen jirage, musamman masu zuwa Umra da 'yan kasuwan Dubai.

Wajen nisa Kano ba ta da abokin gasa, kilomita wajen 240 ne ta Matamaye da Daura, ka fita da asuba azahar kana filin Malam Aminu Kano. Yamai kuwa wajen kilomita 900, wuni cur a kar, ka wuce Maradi da Konni da Dosso ka sauka jiki duk ya mutu, sai in ka dace da ɗan jirgin Niger Airlines, ni dai ƙarar farfelarsa tana burge ni amma kuɗinsa ba na kowa ba ne.

Kano akwai Saudia kai tsaye zuwa Jidda, ga EgyptAir ga Ethiopian, kuma sefa in ka canza ta naira tana auki. Amma fa akwai iyaka, ga duwan ga shingaye, kuma mun ga yadda aka rufe ta a 2023 mutane suka maƙale.

Yamai ƙasarka ce, babu mai tsare ka kan takardu, Turkish da Royal Air Maroc suna sauka. Air France ta daina zuwa tun 2023, Air Afrique kuwa da iyayenmu suke shiga ta mutu tun 2002, wallahi har yanzu abin na min ciwo.

Mai Umra da ɗan kasuwa mai cikakken fasfo Kano ta fi masa. Ɗalibi mai zuwa Maroko ko Turkiyya, da wanda bizarsa a Yamai za ta fito, ya bi Yamai kawai.