Ya tsare mu daga idon maƙwabta, ya kuma kawo mana ruwa har kicin

Tun da aka gama benen da ke jikin katangarmu ta baya aka zuba 'yan haya a sama, na daina zama a bayan gida. Ɗan fili ne, faɗinsa ƙafa 14, tsawonsa bai cika 20 ba, ga tankin ruwa ya cinye kusurwa guda, amma nan nake shan iska, nan nake tsefe wa yara kai. Sai aka wayi gari ko shanya zan fita sai na zura hijabi, don barandarsu a kanmu take. Mutanen kirki ne, muna gaisawa. Amma a ce mace ba ta da inda za ta cire ɗankwali a cikin gidanta, ai da sake.

Alhaji ya so a ƙara layi uku na bulo a kan katanga a huta. Ni ce na dage a kira yaron nan mai gyaran fili da ke ɗora hotunan aikinsa a Facebook. Ba zan kama suna ba, 'yan Kumasi da yawa sun san shi, ɗan Zango ne.

Ranar farko ya burge ni, wannan ba zan ɓoye ba. Bai fara da maganar kuɗi ba. Kujerar roba ya ɗauko ya ajiye inda nake son zama, ya ce, "Hajiya, bismillah." Ya je ya roƙi maƙwabtan suka bar yaronsa ya hau baranda, shi kuma ya riƙe doguwar sanda yana matsawa gaba da baya, yana tambayar yaron ko har yanzu yana hango ni. A nan ya nuna wa Alhaji cewa ko layi biyar aka ƙara, wanda ke sama zai ga tsakiyar filin, ga toshe iska, ga nauyin da ba a yi harsashin katangar don shi ba. Shinge kusa da wurin zama ya fi katanga mai nisa rufewa, in aka haɗa da rumfa mai tsaga-tsaga a sama. Alhaji ma da ba ya yabon kowa sai da ya ce yaron yana da kai.

A Janairu aka yi aikin, cikin hunturu. Ƙarafan a Suame Magazine aka haɗo su, katako daga Sokoban, aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta sauke komai a ƙofar gida. Ya hana mu sayen katakon wawa, ya ce gara ba za ta bar shi ya shekara biyu a waje ba. Katakon odum kuwa kun san kuɗinsa, sai muka tsaya a na tik don benci. Shingen na gora ne. Ƙasa ya jera bulon daɓe, ya gina ɗan akwatin shuka a gindin katanga ya sa lalle da ciyawar shayi.

Azumin nan kaf a wurin muka sha ruwa. Tabarma, kunu, ƙosai, yara suna ta guje-guje, ni kuma kaina a buɗe. Na ba matan Islamiyyarmu lambarsa har mutum huɗu. Da a lokacin na rubuta wannan, da yabo kawai za ku karanta.

Yayyafin Maris bai nuna komai ba. Sai wani dare a Afrilu aka saki irin ruwan nan na Kumasi mai iska da tsawa. Wajen ƙarfe biyu autana ya tashi zai sha ruwa, sai na ji ihunsa. Na diro daga gado na nufi kicin a cikin duhu, don wuta ta ɗauke, ƙafata ta faɗa cikin ruwa mai sanyi har idon sawu. Da na haska fitilar waya, ga kwandon albasa yana yawo a tsakiyar ɗaki, silifas ɗin yara na bin sa. Ta ƙarƙashin ƙofar baya ruwan ke shigowa, ja wur da laka. Buhun shinkafar da muka buɗe kwana uku kafin nan yana ƙasa, rabinsa ya sha. Garin masara ya zama kunu. Wayar firiji tana kwance cikin ruwa, Allah ne ya tsare da babu wuta, in ba haka ba da wani labarin ake yi a kan autan nan. Ni da Alhaji da manyan yara muka kama bokiti da tsintsiya, muna kwashewa yana dawowa, har aka kira asuba. Alhaji bai ce mini uffan ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi, don ni na kawo mai aikin.

Da gari ya waye muka kira Baba magini, tsohon da ya gina gidan. Ya zo da siririn tiyonsa mai ruwa a ciki ya gwada daɓen kusurwa-kusurwa, yana girgiza kai. Ashe gangaren gaba ɗaya gida ya kalla. Ya ce daɓen waje ana sauke shi kamar inci ɗaya a kowace ƙafa huɗu, ya bar jikin gini, kuma ya zauna wajen inci 6 ƙasa da dokin ƙofa. Namu yatsa biyu ne tsakaninsa da dokin. Sannan ya tura sandarsa bayan akwatin lallen nan da nake ta yabo, ya ce, "'Yata, ina rariyar da na bar muku?" An gine ta. Ramin da ke fitar da ruwa zuwa kwata tun ranar da muka tare, an ɗora masa bulo an cika da ƙasa.

Na kira mai gyaran filin. Wai, "Hajiya, ruwan ne ya yi yawa, ko Aboabo ma ta cika." Na ce Masta, Aboabo kogi gare ta. Mu nan Asokore Mampong gidanmu a kan tudu yake, shekara 11 ruwa bai taɓa leƙa mana ɗaki ba sai da ka zo. Ya ce gobe yana tafe. Goben nan sai da ta yi mako uku, duk dare in hadari ya haɗu muna jera buhunan yashi a bakin ƙofa. Da ya zo ɗin ma, sai da ya ce in tura kuɗin lebura ta MoMo, kamar ni na karkata daɓen. Rabi na ba shi, don na gaji. Ya ɗaga bulon, ya sake shimfiɗa yashi, ya fasa gefen akwatin ya sa bututu. Gaskiya tun daga nan ruwa bai sake shigowa ba, kuma gyaran ya yi shi da kyau. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan: ashe ya iya.

Na so in bar maganar a nan, sai ga gorar. Kwanakin baya ƙanin Alhaji yana dafa ataya a rumfar, ya ɗaga kofi ya ga wani farin gari a kan kumfa. Muka duba shingen, duk ƙananan huji kamar na allura, in ka ƙwanƙwasa sai garin ya zubo. Ƙwaro ne ke cin cikinta. Gorar da za ta daɗe a waje jiƙa ta ake yi a ruwan maganin boraks kafin a kafa, kuma a lissafin da ya rubuto mini da hannunsa, kuɗin mai magani na biya. Wannan man ƙyalli kawai aka shafa mata. Na tura masa hoto, ya buɗe, yau kwana tara.

Ƙanwata da ke Tafo ta ce in turo mata lambar, su ma an yi musu bene. Na ce ta kira shi ya zo da kujerarsa da sandarsa, ta biya shi kuɗin wannan yinin, daɓe kuma ta nemi Baba, gora ta je da kanta ta ga an jiƙa. Matan Islamiyya huɗun nan kuwa, biyu na samu na faɗa musu. Ɗaya ta riga ta ba shi kafin alƙalami.