Sunan Kasuwanci ko Limited: Amsa ga Ƙaninmu Mai Wurin Bulo

Wa alaikumus salam ƙanina. Tsakanin rajistar sunan kasuwanci da ta Limited da kake tambaya saboda wurin bulonka da 'yan kwangilolin da ke faɗo maka, yi ta sunan kasuwanci, wadda lambar rajistarta ke farawa da BN. Ita nake riƙe da ita tun kafin korona, kuma ba ta taɓa ba ni kunya a gaban mai ba da aiki ba.

Na san abin da ya dawo da zancen Limited bakin mutane. Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, hukumar haraji ta tarayya FIRS ta koma NRS, shi ke nan aka fara yawo da labari a rumfunan mai shayi cewa ƙaramin kamfani ya daina biyan haraji. Da gaskiya a ciki. Tun a tsohuwar doka kamfanin da cinikinsa bai wuce miliyan 25 a shekara ba ba ya biyan harajin kamfanoni, yanzu kuma an ɗaga wannan iyakar sosai, matuƙar kadarorinsa ba su haura miliyan 250 ba. Abin da masu labarin ba sa ƙarasawa shi ne, an yafe maka biya ne kawai, ba a yafe maka kai lissafi ba. Kowace shekara, cikin wata shida bayan rufe littafin kamfani, sai ka miƙa wa NRS bayanan shige da fice, ko da ba ka aza bulo ko ɗaya ba. Ka ƙi, tarar naira 100,000 ce a watan farko, sannan 50,000 duk watan da ya biyo baya. Kai kuwa ba ka iya haɗa waɗannan takardu ba, ni ma haka, dole a nemi akanta a Dutse ko Kano, shi kuma ba don Allah yake yi ba. Ga ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta shekara-shekara tana jiranka daban. Limited doki ne, ka hau ko ba ka hau ba sai ya ci harawa.

Sannan kuɗin kamfani ba naka ba ne ko da kai kaɗai ka kafa shi. Idan ka yanka wa kanka albashi, akwai harajin albashi. Idan ka kwashi riba, ana cire kashi 10. To ina sifilin?

Mai sunan kasuwanci shi da sana'arsa abu guda ne a idon doka. Harajinsa na ɗaiɗaikun mutane ne, kuma hukumar tara kuɗin shiga ta jiha yake biya, ta Jigawa ko ta Kano, ba tarayya ba. A sabon tsarin naira 800,000 na farko a shekara babu ko kwabo a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 ne, daga nan ya riƙa hawa har ya tsaya a kashi 25 ga masu samun sama da miliyan 50, waɗanda ni da kai sai dai mu gaishe su daga nesa. Kuma a kan riba ake lissafin, ba a kan duk kuɗin da ya ratsa asusunka ba. A ce bayan ka cire siminti, yashi, gas ɗin inji, kuɗin tifa da sallamar lebura, abin da ya rage maka a shekara miliyan 2 ne. Fitar da 800,000, saura miliyan 1.2, kashi 15 ɗinsa naira 180,000. Kafin ƙarshen Maris ake kai bayanin shekarar da ta wuce. Wanda bai rubuta komai ba shi ne yake shan wuya, domin idan ba ka da rasit sai a yi maka ƙiyasi, mai ƙiyasi kuwa motarka da rigarka yake kallo. Sayi littafi mai kauri, ka ba yaronka mafi kyawun rubutu, duk buhun da ya shigo da duk bulon da ya fita ya shiga ciki.

Akwai kuma wanda ake yankewa tun kafin kuɗin ya iso hannunka idan ka yi wa gwamnati ko babban kamfani aiki. A ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2025, aikin gina gidaje, hanya da gada kashi 2 ne, wanda ba shi da lambar haraji kuma ninki biyu ake yanke masa. A kashi 2 ɗin, aikin miliyan 5 ke nan za a riƙe 100,000. Ba asara ba ce, ajiya ce da za a rage daga harajinka na shekara, amma sai ka karɓi takardar shaidar an cire. Mutanenmu da yawa sukan ga alat ya shigo su hau babur su tafi, ba su waiwayi wannan takardar ba.

Bari in ba ka labarin ranar da na san darajar rajistar tawa. Ƙungiyar ci gaban wani gari a yankin Gumel ta haɗa kuɗi za ta zagaye ɗan asibitinsu da katanga, ta kuma yi banɗaki. Yawancin kuɗin 'ya'yan garin da ke Abuja da Kaduna ne suka turo. Muka hallara a ƙofar gidan dagaci bayan la'asar, tare da wasu magina da suka girme ni a sana'a, ɗaya ma a wajensa na koyi ɗaure rodin linta. Ma'ajin ƙungiyar, wani malamin makaranta mai ritaya, ya ce su an taɓa cizonsu, ba za su ƙara tura kuɗin jama'a asusun mutum ɗaya da sunansa na yanka ba. Na tashi na buɗe ƙarƙashin kujerar babur, na zaro satifiket ɗina cikin ledarsa, gefensa har ya yi baƙin man inji. Ya gyara tabarau, ya miƙa wa jikansa waya ya ce ya buga lambar a shafin bincike na CAC. Sunan ya fito, da adireshin garinmu. Dattijon ya ce, "To Alhamdu lillahi, wannan mun san inda za mu same shi." Kafin sallar isha kuɗin kafin alƙalami ya faɗa asusun sana'a. Maigidan nawa kuwa na ɗauke shi ya tsaya mini a kan aikin, don ya fi ni ido a kan harsashi. Babu wanda ya tambayi ko Limited ce ko ba Limited ba. Suna mai rajista da asusun banki mai wannan sunan suke nema, kuma yawancin aikin karkara iyakarsa ke nan: masallaci, Islamiyya, shaguna, gidan Alhajin da ke birni yana turo kuɗi.

Limited tana da nata amfanin, ba zan hana ta ba. Idan bashi ya rufta, a ƙa'ida kan kamfani yake tsayawa, ba ya bin gonarka da shanunka yadda zai bi mai sunan kasuwanci, kuma manyan ayyuka sun fi sakin jiki da lambar RC ta Limited. Ranar da ka fara zarya ofishin Due Process mai tantance kwangilolin gwamnati a Dutse kana neman ajujuwa masu yawa, ko kana hangen aikin tarayya inda za a ce kawo takardar PenCom ta fansho, ta NSITF ta inshorar ma'aikata, ta ITF ta horar da ma'aikata da rajistar BPP mai kula da kwangilolin tarayya, sai ka je ka buɗe. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa shi kaɗai, ba sai ka jawo sunan matarka ko ƙaninka ba kamar da. Ba gudu take yi ba.

Batun yaran da ke koyon aiki a wajenka, a cikin rajistar biyu babu wadda ta fi wata. Kashi 1 na albashi da ake ba ITF yanzu kan mai ma'aikata 25 zuwa sama yake, tun gyaran dokar da aka sa wa hannu a 2023, don haka kada wani ya zo da jaka ya tsorata ka a kan yara shida. Abin da zai amfane su shi ne idan lokacin yaye ya yi ka rubuta musu takarda mai kan sunan sana'arka da hatimi, sannan ka matsa musu su yi jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, wadda ake farawa daga mataki na uku a hau zuwa na ɗaya. Yaron da ya tafi Abuja neman aiki da waɗannan biyun ba a lebura zai fara ba.

Takardar nan mai kan suna ita ce kuma garkuwarka a kasuwa. Kowa ya tuna farkon 2024 da buhun siminti ya haura dubu goma a wurare da dama, waɗanda suka yi ciniki da baki suka ƙarasa gini da kuɗin aljihunsu. Ni duk ƙiyasin da zan bayar ina rubutawa a ƙasa cewa farashin na mako biyu ne, bayan nan sai abin da Dangote, BUA da Ashaka suka wayi gari da shi. Rodi kuma idan ka shiga Ƙofar Ruwa ka auna da kanka, akwai mai ce maka milimita 12 ne alhali bai kai ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu rajistar. Wani zai zauna a kafe ya karɓi kuɗinka, ya buga maka satifiket mai launi da tambari, lambar kuwa ta wani ce ko ma babu ita. Kada ka cika masa kuɗi sai ka ga sunanka a shafin CAC da idonka, a wayarka. Wani rajistar gaskiya zai yi, amma ya sa imel ɗinsa da lambar wayarsa, duk shekara sai ka dawo ka durƙusa masa. Mafi sharri su ne masu tallar tsohon kamfani, su ce maka ya shekara goma, zai fi saurin cin kwangila. Shekara goman nan ta tara ce da bashin haraji, da zarar sunanka ya hau kai ne za ka sauke. Ka bi ta hannun lauya ko akanta da CAC ta amince da shi, ko ka sa wanda ka yarda da shi ya cike maka kana zaune a gefensa.

NIN za a nema, wannan dole ne, ita ce ma yanzu take zama lambar harajin mutum. Lambar sirrin da banki ke turowa ta waya kuwa babu ruwan rajista da ita, duk wanda ya ce ka karanto masa ka tashi ka bar wurin. Kai ma ka riƙe amanar na wasu. Tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan mutane, da hukumar NDPC da ke kula da ita, kuma ba bankuna kaɗai ta shafa ba. Hotunan katin NIN da lambobin asusun leburori da ka tara don biyan sallama, da zanen gidan mutane da takardar filinsu, kada su riƙa yawo a WhatsApp, kada kuma ka bar su a kwamfutar mai kafe bayan an buga. Ka tsaya a kansa ya goge kafin ka fita.

Sunaye biyu za ka tanada kafin ka je, don sau da yawa na farkon an riga an ɗauke, musamman duk mai Nasara ko Alheri a ciki.