Ƙwaron waken Inna a kwamfutar Turawa

Jama'ar Marwa, ina gaisuwa daga Faransa.

Waken da Inna ta ƙunso mini ya iso da ƙwari a ciki. Na ɗauki ɗaya zuwa labo, wato ɗakin binciken da nake karatu, don kawai in leƙa shi a madubin ƙara girma. Matar da ke kula da na'urori ta ce mu gina siffarsa a kwamfuta mana, irin wadda ake juyawa a gani ta kowane gefe.

Abin da bai wuce milimita 3 ba fa! Ta kafe shi a tsinin allura bisa faifai mai juyawa. Idan an ƙara girma sosai, siririn wuri ɗaya kyamara ke gani tas: kai ya fito, baya ya dushe. Shi ya sa a kowane gefe take ɗaukar hoto wajen 40, tana matsowa kaɗan-kaɗan, manhajar Helicon Focus ta tsinto inda ya fito sarai a kowanne ta haɗe su hoto guda. Sai faifai ya juya digiri 10, a sake, har sau 36. Fitilar ma sai da ta lulluɓe ta da farar takarda, don ƙyallin jikin ƙwaron yana rikita lissafin. Manhajar Meshroom, wadda kyauta ce, ta kwana tana gwama hotunan don gina siffar.

Da safe ga ni ina juya shi ta ko'ina, har gashin bayansa ina gani. Wallahi idona ya ciko. Na tuna rumbun Baba, da tokar da Inna ke cakuɗa wa wake.

Amma kafin a yi aikin, kwana 9 na jira randebu, wato lokacin da za a ba ni, na cika takardu uku, kuma ko ruwa ba mai miƙa maka. Ƙosai irin na unguwar Domayo kuwa sai a mafarki.

Mu namu halin ya fi ci mini rai. A makarantar da na yi, madubin guda ɗaya ne, kulle a ofishin shugaba, shekara uku ban taɓa shi ba. Alhali a Marwa masu binciken cibiyar binciken noma ta Kamaru (IRAD a yanzu) da na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da dabarar buhu mai ninki uku, wadda ke toshe wa wannan ƙwaron iska, tun ƙarshen shekarun 1980.

Na tura wa Yaya hoton mai juyawa. Yaya, don Allah ka kai wa malaman gona su gani, waya ma tana buɗe shi.