Shafin cwgc.org: inda ake neman waɗanda suka tafi Burma ba su dawo ba

Duk gidan da aka taɓa cewa "wane ya tafi Burma bai dawo ba", ya kamata a samu wani cikin jikoki ya zauna a kan wannan shafi ko da na dare ɗaya ne. Na Commonwealth War Graves Commission ne, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin da suka mutu a ƙarƙashin tutar Ingila a yaƙe-yaƙen duniya biyu. Kyauta ne, ba sai ka biya ko sisi ba, kuma wayar hannu tana buɗe shi. An kafa hukumar tun 1917, yaƙin farko ma bai ƙare ba, yau tana riƙe da sunayen mutum wajen miliyan 1.7 a ƙasashe sama da 150. Namu na ciki, dubbai.

Ni ƙanen kakarmu ta wajen uwa ne ya kai ni. An ɗauke shi soja daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau lokacin Yaƙin Hitila, amaryarsa ko shekara ba ta yi a ɗaki ba. Ganin ƙarshe da aka yi masa a tashar jirgin ƙasa ta Zariya ne. Da 'yan mazan jiya suka dawo a 1946, wani ya ce ya gan shi a Indiya, wani ya ce zazzaɓi ya kashe shi a daji, wani ya ce kogi ne ya ci shi. Matarsa ta yi shekaru a rataye, ba takaba, ba aure, sai da alƙali ya yi mata hukuncin matar wanda ya ɓace. Wanda bai san irin wannan zama ba zai ɗauka kwanan wata a takarda ƙaramin abu ne. Ranar mutuwa ita ce ke buɗe takaba da rabon gado da sadakar uku, kuma ita ce gidanmu bai taɓa samu ba.

Aikin shafin ba shi da wuya. Akwai gurbin suna, gurbin lambar soja, gurbin runduna, da wajen zaɓar yaƙin farko ko na biyu. In ka dace, zai fito maka da muƙamin mutum, ko farabiti ne ko kofur ko saje, da lambarsa, da bataliyarsa, da ranar da ya rasu, da maƙabartar da yake har layin kabarin. Wani lokaci akwai ɗan ƙarin bayani, ɗan wane, mijin wance, na gari kaza, amma ga sojojinmu sau da yawa wannan gurbi fayau yake. Akwai kuma takardar shaida mai sunansa da za ka iya saukewa ka kai a buga maka. Hausa kam babu ita a shafin, sai a nemi yaro ɗan makaranta ya zauna kusa. Wannan ya tsaya mini a rai, don da Hausa ake ba da oda a rundunar Nijeriya ta wancan zamani, har hafsoshi Turawa sai da suka koye ta.

Inda aikin yake shi ne suna. Akawun bariki ba ya tambayar sunan mahaifi. Sunan yanka yake rubutawa ya liƙa masa gari ko ƙabila: Audu Kano, Musa Sokoto, Garba Katsina, Ali Bauchi. A rundunar Gwalkwas, wato Gana ta yau, za ka ga Moshi da Grunshi da Fulani da Hausa a matsayin sunan biyu. Rubutun ma yadda kunnen Bature ya ji ne: Mamman ya koma Mama ko Momo, Garba ya koma Garuba, Audu ya koma Awudu. Sau da yawa duka sunan biyu a gurbi ɗaya aka cusa su, don haka ka gwada shi a haɗe, ka gwada a rabe, ka juya shi. Duk da haka, shiga da suna kaɗai kamar ka tsaya a tsakiyar kasuwar Kurmi ne ka kira Audu.

Garin da aka liƙa wa mutum ma ba lallai ne mahaifarsa ba. Wannan al'ada ta daɗe, kuma tana da jijiya a bauta. Rundunar da John Glover ya haɗa a Legas a 1863, wadda ake kira Hausawan Glover, da bayin da suka gudo daga iyayen gijinsu aka fara ta. Sojojin da Lugga ya ci ƙasar Arewa da su, da dama tsofaffin bayi ne. Mutumin da aka kama yana yaro, aka sayar da shi daga hannu zuwa hannu, wane sunan uba zai bayar? Sai ya faɗi garin da ya tashi, ko garin da aka ɗauke shi aiki. Wani kuwa da gangan yake sake suna don kada ubangidansa ko danginsa su biyo sawu. Akwai kuma waɗanda suka tsallako daga ƙasar Faransi, daga wajen Damagaram da Dosso, suka shiga sojan Ingila. Idan kana gangara jerin sunayen nan, ka riƙa tuna cewa wani Kano ɗin Kano ce ta gaske, wani kuwa mayafi ne.

Ni da sunan nawa da "Zaria" na shiga. Mutum fiye da ɗaya ya fito, kowanne shekarar mutuwarsa za ta iya dacewa, kowanne kuma ba kabari gare shi ba, suna ne kawai a bangon tunawa na Rangun. Wannan bango yana cikin maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon, wato Rangun ta da, a Burma, yana ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san inda ƙasa ta rufe su ba. Na kira gwaggona, wadda ita ce babba da ta rage a gidan.

"Gwaggo, ko an taɓa ajiye wata takarda mai lambarsa?"

"Wace lamba kuma, ɗan nan? Mu dai mun san sunansa."

Na rubuta su duka a takarda, da ranakunsu. Da aka yi saukar Alƙur'ani ta gida, duka aka sa su a addu'a. In namu na ciki, ya samu. In ba ya ciki, waɗannan ma 'ya'yan wasu ne, kuma mai yiwuwa ba wanda ya ambaci sunansu tun da aka rubuta shi.

Amfanin shafin na gaske a wajen wani dattijo maƙwabcina na gan shi. Shi baffansa ne ya tafi, kuma Allah ya sa a ƙasan adakar mahaifiyarsa akwai wata takarda da ta koma ruwan ƙasa, ta kakkarye a wajen ninki, amma lambar tana nan: NA, sannan alƙaluma. Haka lambar sojan Nijeriya take farawa, ta Gwalkwas kuwa da GC. Na sa lambar kaɗai, ban sa suna ba. Mutum ɗaya tak ya fito, da kabarinsa a Taukkyan, da ranar da ya rasu a farkon 1945. A ƙasa akwai hotunan tsofaffin takardun hukumar, bugun tafireta, har da gyaran da wani akawu ya yi da alƙalami. Wannan sashe ne ya fi burge ni a duk shafin, don a nan ake ganin cewa an tono wasu daga inda aka fara binne su. An buɗe Taukkyan a 1951 ne domin a tattaro gawarwaki daga maƙabartun fagen fama na Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw.

Dattijon ya daɗe yana kallon wayar, ya ce, "Malam, an yi masa salla kuwa?"

Na ce, "Baba, takardar ba ta faɗa ba. Amma a ƙa'idarsu, kabarin Musulmi ana rubuta masa Huwal Gafur da Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, da Larabci."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi." Washegari ya aiki jikansa ya bugo takardar shaidar, ya sa a leda.

Ranar mutuwa da bataliya suna ba da labari in ka san ɗan tarihi. Wanda ya mutu a farkon 1941 wataƙila yana cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu suka nausa Habasha. Wanda ya mutu a 1944 yana iya kasancewa a kwarin Kaladan na Burma tare da runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda 'yan dakonta suka riƙa ɗaukar harsashi da abinci a ka inda mota ba ta shiga. In bataliyarsa ta 6 ce ko ta 7 ko ta 12, to tare da Chindit, wata runduna ta musamman ta Ingila, ya yi yaƙi a bayan layin Japanawa. Janairun 1945 kuwa na yaƙin Myohaung ne a Burma, inda ta 81 da ta 82 suka haɗu. Sunayen nan ba baƙi ba ne a kunnenmu: barikin Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan a Legas. Muna wuce su kullum a mota. Na yaƙin farko kuma akwai waɗanda suka faɗi a Garwa da Mora a Kamaru, da Mahiwa a Afirka ta Gabas a 1917, kuma shafin yana da duwatsun tunawa na Zariya da Lakwaja da Kalaba da Ibadan da Abuja.

Kada ka nemi wanda ya dawo da rai. Rajistar ta matattu ce kawai, daga 4 ga Agusta 1914 zuwa 31 ga Agusta 1921, sai daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947. Ko Chari Maigumeri, wanda ya fara soja a hannun Jamusawa a Kamaru, ya koma na Ingila, ya je Burma, har aka sa wa barikin Lakwaja sunansa, ba za ka same shi ba, don ya ga ƙarshen yaƙin da idonsa.

Rashin ganin suna kuma ba hujja ba ce cewa mutum bai mutu a yaƙi ba, musamman a yaƙin farko. Hukumar da bakinta ta amsa wannan. Rahoton da ta fitar a Afrilun 2021 ya ce aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, galibinsu 'yan Afirka ta Gabas da Misirawa, ba a tuna da su da suna ba, wasu ma ba a tuna da su sam. Wasu 45,000 zuwa 54,000 an tuna da su, amma ba daidai da Turawa ba. A cikin takardun da aka tono akwai maganar gwamnan Gwalkwas, Guggisberg, a 1923, cewa talakan ƙasar ba zai gane darajar dutsen kabari ba. Ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa. Na karanta wannan raina a ɓace, amma na yaba da ba su ɓoye rahoton ba, yana nan a shafin nasu, kuma sun ci gaba da neman sunayen da suka salwanta. Suna karɓar hujja daga iyalai, muddin takarda ce.

Don haka kafin ka buɗe shafin, fara buɗe adaka. Nemi littafin sallama, ko takardar fansho, ko tsohuwar wasiƙa, ko hoton da aka yi rubutu a bayansa, duk abin da ke da NA ko GC. Ka tambayi tsofaffi da wane suna abokansa na soja suke kiransa, don yana iya bambanta da na gida, da kuma garin da aka ɗauke shi. In akwai ofishin 'yan mazan jiya a garinku, leƙa can ma, wani lokaci a kan samu wanda mahaifinsa ya yi bataliya ɗaya da naka.