Kafin Ka Biya Kuɗin Binciken Kasuwa: Wace Hanya Ce Ta Dace Da Shawarar Da Ke Gabanka?

Duk wanda ya tashi buɗe sabon reshe, ko fito da sabon kaya, ko ƙara farashi, sai ya ji an ce masa ya yi bincike tukuna. Shawarar ba ta da aibi. Sai dai bincike iri-iri ne. Akwai wanda za ka gama cikin kwana biyu kana zaune gaban kwamfuta, akwai wanda zai ci maka wata guda da ladan ma'aikata goma. Kowanne da irin tambayar da yake iya amsawa, kuma kuɗi da yawa kan salwanta ne wajen sayen hanyar da ba ta dace da tambayar ba.

Saboda haka, kafin ka nemi kowa, ɗauki takarda ka rubuta shawarar da za ka yanke a layi ɗaya. A ce kana sarrafa yogot a Kano, kana tunanin sayen injin cika ƙaramar roba. "Ina son jin ra'ayin mutane game da yogot" magana ce marar gindi. Tambayar da za ta yi maka aiki ita ce: idan na zuba ƙaramar roba a shaguna 40, nawa ne za su sake nema cikin mako biyu? Ka kuma sa iyaka tun yanzu, misali idan ba su kai 15 ba, maganar inji ta tashi. Dole iyakar ta riga sakamako zuwa, domin wanda ya riga ya ƙwallafa rai a kan inji, kowace lamba aka kawo masa zai hango alheri a cikinta. Sannan ka auna girman asarar idan ka kuskure. Sauya launin leda abu ne da za a iya janyewa gobe, bai cancanci binciken wata guda ba. Hayar shago ta shekara biyu ko bashin banki, waɗannan sun cancanta.

Bayanan da suka riga suka taru

Wannan ce hanya mafi araha, kuma da ita ake farawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da alƙaluman hauhawar farashi duk wata, Babban Bankin Nijeriya yana wallafa farashin canji da kuɗin ruwa, duk kyauta a intanet. A Nijar ma akwai hukumar ƙididdiga mai irin wannan aiki. Amma ka san shekarun abin da kake karantawa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Nijeriya an yi ta ne a 2006, inda aka samu mutum miliyan 140, don haka duk adadin da aka ba ka na mutanen wata ƙaramar hukuma a yau kiyasi ne aka ɗora a kan waccan. Haka kuma a farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya ma'aunin lissafin hauhawar farashi, aka sanar da kashi 24.48 na Janairu bayan kashi 34.80 na Disamba. Wanda bai san an sauya ma'auni ba, zai ɗauka kaya sun yi sauƙi cikin wata ɗaya.

Abin da aka fi rainawa a nan shi ne littafinka na ciniki. Littafin bashi, rasit, da bayanan na'urar POS na wata 12 za su nuna maka wace rana ciniki ke tashi, wane kaya ne ke kwana, waɗanne kwastomomi ne suka daina zuwa. Iyakarsa ita ce ba ya san wanda bai taɓa shigowa shagonka ba.

Hira da taron tattaunawa

Idan ba ka san dalilin da ya sa abu ke faruwa ba, misali me ya sa masu shago ke karɓar kayan abokin gasarka suna barin naka, hira ɗaya-ɗaya ce maganin. Mutum 12 zuwa 15 daga rukuni guda, minti 30 zuwa 45 kowanne, yawanci sun isa. Za ka gane ka ƙoshi idan hira uku a jere ba su kawo sabon abu ba. Ka tambayi abin da ya faru, kada ka tambayi abin da zai faru. "Ba ni labarin ranar ƙarshe da ka sari yogot, daga wa, nawa, bashi ko kuɗi hannu?" ta fi "za ka saya?" nesa ba kusa ba.

Taron tattaunawa na mutum 6 zuwa 10, na kamar awa ɗaya da rabi, yana da kyau wajen gwada suna, leda ko talla. A wurinmu yana da tarko: idan dattijo ya yi magana, yaro ba zai musa ba, kuma ma'aikaci ba zai saɓa wa maigidansa a bainar jama'a ba. A raba maza da mata, a raba manya da matasa, kowane rukuni a yi masa zama aƙalla biyu. Kuma kada kowa ya kawo maka kashi cikin ɗari daga irin wannan zama. Mutum shida cikin takwas sun so kaya, wannan bai zama kashi 75 na kasuwa ba.

Takardar tambayoyi

Ita aka fi sayarwa, ita ta fi tsada, a cikinta kuma aka fi yin aikin banza, don haka a nan ya kamata ka buɗe ido. Aikinta amsa tambayar "nawa ne": kashi nawa na gidajen unguwa ke da firji, sau nawa suke saye a mako.

Maganar yawan mutane tana da lissafi tsayayye. Idan an zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a, amsar mutum 100 tana iya kauce wa gaskiya da maki 10 sama ko ƙasa, ta mutum 400 da maki 5, ta mutum 1,000 da kamar maki 3, sau 19 cikin 20. Wato idan mutum 100 suka ba ka kashi 55, gaskiyar tana tsakanin 45 da 65, ba ka ma tabbatar an haura rabi ba. Ka lura cewa rage kuskure da rabi yana bukatar ninka mutane sau huɗu, shi ya sa 400 ke wadatar da yawancin shawarwarin matsakaicin kasuwanci. Amma idan za ka raba 400 ɗin unguwa huɗu don kwatantawa, kowace unguwa ta koma 100, kuskuren ya koma maki 10.

Duk wannan lissafi yana rushewa idan zaɓin mutanen ya karkace. A 1936 wata mujallar Amurka, Literary Digest, ta aika takardun jin ra'ayi miliyan 10, ta samu amsa sama da miliyan 2, ta ce ɗan takara Alf Landon zai kayar da Shugaba Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Sunayen da ta yi amfani da su ta kwaso su ne daga littattafan lambobin tarho da rajistar masu mota, wato masu hali a lokacin da talauci ya yi katutu, kuma waɗanda suka damu su mayar da amsa ba irin sauran jama'a ba ne. Irin wannan kuskure ne mai tura fom a zaurukan WhatsApp yake yi: abokansa yake ji, masu babbar waya da data, masu karatun boko.

Hanyoyin kai tambayoyin uku ne. Google Forms kyauta ne amma sai da intanet da iya karatu, ya dace da ma'aikatan ofis ko kwastomomin da kake da lambobinsu. Kiran waya yana da sauri, sai dai kada ya wuce minti 10, kuma yakan tsallake matan da ba su da wayar kansu. Gaba da gaba ya fi tsada, ya fi kai wa kowa. Manhajar cike tambayoyi ta KoboCollect tana aiki a wayar Android ba tare da intanet ba, tana kuma ajiye lokaci da wurin da aka yi kowace hira. Wajen kasafi, ka lissafa ma'aikaci ɗaya zai yi hira kamar 10 ta minti 20 a yini. Hira 400 ta zama yini 40 na aiki, wato mutum biyar kwana takwas, ban da kwana biyu na horo da kuɗin mota. Idan mata ne ke yanke shawarar sayen kayan, kamar sabulu ko kayan miya, dole ka ɗauki ma'aikata mata, domin namiji iyakarsa zaure, kuma maigida zai amsa maka abin da ba shi ke saye ba.

Tambayoyin kansu a rubuta su da Hausar da za a yi hirar da ita, kada a bar kowane ma'aikaci yana fassarawa daga Turanci yadda ya ga dama. Kada a cusa tambaya biyu a ɗaya, irin su "kayanmu suna da daɗi da araha?". Kada a tambayi kuɗin shiga kai tsaye, ba za a faɗa maka ba; a tambayi abin da aka kashe a cefanen jiya. A gwada takardar a kan mutum 15 zuwa 20 kafin a fita da ita. Babbar matsalar kuma ita ce kara. Bahaushe ba ya son ya kunyata wanda ya zo masa da fara'a, zai ce "in sha Allahu zan saya" yana nufin fatan alheri kawai. Amsar "zan saya" kada ka gina inji a kanta.

Ƙirga da ido, da gwaji da kuɗi

Idan zaɓin wurin shago ne a gabanka, kujera da littafi sun fi takardar tambayoyi. A ƙirga masu wucewa na minti 15 a kowace awa, daga safe zuwa bayan isha'i, a ranar aiki, ranar Juma'a da ranar Asabar, a garin da ke da ranar kasuwa kuma a haɗa da ita. A ƙirga ta gefen titin da shagon yake, domin titi mai shinge a tsakiya yakan raba ciniki gida biyu.

Ga tambayar farashi ko sabon kaya kuwa, a ganinmu babu kamar gwaji, saboda a nan ne mutum ke amsawa da aljihunsa. Mai yogot ɗin nan zai iya cika roba 500 da hannu, ya zuba a shaguna, ya ga wa zai dawo. Idan farashi biyu ake gwadawa, a raba shagunan gida biyu ta ƙuri'a, kada ka zaɓi na abokanka su zama rukuni guda. Bayan mako biyu a musanya farashin tsakanin rukunan, don kada bambancin unguwa ya ɓuya a cikin sakamakon. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Idan ka sauya farashi da leda tare, ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Lokaci ma yana ruɗi. Abin sha mai sanyi da aka gwada a azumi ko a tsakiyar bazara zai ba da lambar da ba za ta maimaitu da hunturu ba, haka cinikin atamfa a Kantin Kwari ana saura mako biyu salla.

Gwaji ma yana iya auna abin da ba shi ne matsalar ba. Kamfanin Coca-Cola ya ba mutum kusan 200,000 ɗanɗano kafin ya sauya lemonsa a watan Afrilun 1985, sabon ya yi nasara a ɗanɗanon, amma bayan kwana 79 sai da aka dawo da tsohon saboda fushin masu saye. An auna kurɓi ɗaya a kofin da ba suna, alhali abin da ya tayar da hankalin mutane shi ne a ɗauke musu abin da suka saba da shi. Gwaji ya yi kama da yadda za a sayi kayan a zahiri: cikin ledarsa, da sunansa, da farashinsa.

Idan za ka ba wani aikin

Kamfanin bincike ko malamin jami'a mai zaman kansa, duk ɗaya ne wajen abin da za ka nema a rubuce: yadda za a zaɓi mutanen gida-gida, takardar tambayoyin ka gani ka amince kafin a fita, da ɗanyen bayanan kowace hira a Excel, ba rahoto mai zane-zane kaɗai ba. Ka sa sharaɗin za a sake kiran kashi 10 na waɗanda aka ce an yi hira da su, kuma kai ne za ka zaɓi lambobin. Cike takardu a gindin bishiya tsohuwar cuta ce a wannan aiki, alamunta kuma a fili suke: hirar minti 20 da aka gama cikin minti huɗu, hira 15 daga wuri guda, ko ma'aikaci ɗaya da duk mutanensa suka ba da amsa iri ɗaya. Tunda za a karɓi sunaye da lambobin waya, dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta shafe ka, don haka a nemi yardar kowa a gaya masa abin da za a yi da bayanansa. Biyan kuɗi kuma a kasa shi uku: kashi ɗaya a farko, ɗaya bayan gwajin takardar, na ƙarshe sai ka karɓi ɗanyen bayanai ka kira kashi 10 ɗin nan, wato mutum 40 cikin 400, da kanka sun tabbatar an zo wurinsu.