Wata 19 ina jiran littafin nan, ya zo babu shafi 16

Shafi na 48 ya ƙare da tsohuwar tana tsakiyar kogi, filafili ya suɓuce daga hannunta, jikarta kuma tana bakin gaɓa ta buɗe baki za ta kwarma ihu. Na juya shafi zuciyata na dukan uku-uku, sai ga tsohuwa zaune a inuwa tana ɗinke ragar kamun kifi, lafiya lau, kamar ba ita ba. Na ɗauka salo ne, don masu labarin zane suna son irin wannan wasan na komawa baya. Sai da na ci shafi huɗu kafin idona ya sauka kan lambobin da ke ƙasa: 33, 34, 35, 36. Na bi su har 48 karo na biyu, daga nan littafin ya yi tsalle ya dira a 65. Tsohuwa babu ita, kwale-kwale a kife a kan yashi, jikar ta daina magana da kowa. Abin da ya faru a tsakani, oho.

Wannan fa littafin da na zuba wa kuɗi ke nan tun watan Yunin 2023, a karo-karon da mai zanen ta buɗe a intanet, aka ce mana Fabrairun 2024 zai iso. Ya iso a Janairun 2025.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Na riƙa jujjuya shi ina leƙa gindin ɗinkin ko an yage wani abu, babu alamar yaga. Daga baya ne na gane yadda abin yake. Maɗaba'a ba ta buga littafi shafi-shafi. Ƙatuwar takarda ake ɗauka a buga shafi 8 a fuskarta, 8 a bayanta, a ninka ta sau uku, a yanke baki, ta zama ɗauri ɗaya mai shafi 16. Littafi mai shafi 144 kamar wannan ɗauri tara ke nan, inji na bi yana tsinto ɗaya daga kowane tari kafin a ɗinke. A nawa kwafin ya tsinci na uku sau biyu, ya tsallake na huɗu. Kauri bai canza ba, nauyi bai canza ba, don haka duk wanda ya ɗaga shi ya duba ba zai ga komai ba sai ya zauna ya karanta. Kuma cikin ɗauri tara, wanda ya ɓace shi ne wanda duk labarin ke rataye a kansa.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare na rubuta wa mai zanen imel. Ba zan kawo abin da na rubuta ba, kunya nake ji. Na dai tuna na ce mata da na san haka ne da na ba mabaraci kuɗin, ko ba komai zai yi mini addu'a.

Ba wai ban san abin da na shiga ba. Karo-karo ba kanti ba ne, kowa ya san wannan. Tun da aka buɗe dandalin karo-karo na Kickstarter a 2009 tsarin a bayyane yake: mai aiki ya faɗi adadin da yake nema, in an cika shi kafin wa'adi a cire kuɗin mutane, in ba a cika ba ko sisi ba a taɓawa. Dandalin ya ɗauki kashi 5 cikin ɗari, masu sarrafa katin banki su ɗauki nasu kashi 3 da ɗan wani abu, sauran ya rage tsakanin mai zane da Allah. Alkawari ka saya, ba kaya ba. Kuma na san dalilin da ya sa nake sayen alkawarin. Jerry Siegel da Joe Shuster sun sayar da Superman a 1938 a kan dala 130, suka shafe shekaru suna shari'a suna kallon wasu na kwasar dukiya da abin da suka ƙirƙira. A 1992 manyan masu zane bakwai suka fice daga kamfanin littattafan zane na Marvel suka kafa nasu mai suna Image don kowa ya riƙe haƙƙin mallakar aikinsa. Kevin Eastman da Peter Laird kuwa, a 1984, da kuɗin rarar haraji da rancen kawu suka buga kwafi 3,000 na littafin kunkurun nan nasu huɗu, wato Teenage Mutant Ninja Turtles, ba su jira wani kamfani ya ce musu to ba. Ni irin wannan nake so in ga na sa hannu a ciki tun yana ƙarami. Duk na san wannan. Amma da ƙarfe ɗaya na dare, da littafi mai gurgun ciki a hannu, tarihi bai yi mini maganin komai ba.

Kafin azahar washegari ta amsa. Na buɗe ina shirin faɗa, sai na tarar babu abin da zan yi faɗa da shi. Ba ta kare kanta ba, ba ta ɗora wa maɗaba'a ba duk da laifinsu ne. Ta ba ni haƙuri, ta ce ba ni kaɗai ba ne, wasu ma sun rubuto, kuma tun jiya take zaune da ƙanwarta suna buɗe sauran kwalayen suna duba lambar shafi kwafi bayan kwafi. Ta ce kada in wahalar da kaina in mayar da wanda ya lalace, za ta aiko wani, kuɗin aikawa a kanta. Ta haɗo da PDF na shafuka 16 ɗin don kada in zauna cikin zulumi.

Ban buɗe PDF ɗin ba. Wata 19 na yi ina jiran takarda, ba zan karanta mutuwar tsohuwar nan a fuskar waya ba. Na jira sati bakwai.

Da na biyun ya zo, abu na farko da na yi shi ne lissafa shafuka, daga 1 har 144, kamar mai ƙirga canji. Sun cika. Sai a bayan bangon farko na ga zanen fensir: tsohuwar ce riƙe da filafilinta, ta ɗaga gira tana harara ta, a ƙasa an rubuta lamba 49 da kibiya. Zane ne na hannu, har da inda ta goge ta sake layin hanci, graphite ɗin fensirin ya ɗan shafa a ɗaya shafin. Na yi dariya ni kaɗai, sannan na ji nauyin imel ɗin da na aika ya sauko mini a ka.

Shafukan kuma sun cancanci jiran, wannan ba zan ɓoye ba. Daga 52 zuwa 59 babu kalma ko ɗaya, babu kumfar magana, ruwa ne kawai da hannu. Akwatunan zanen suna ta ƙanƙancewa yayin da numfashin tsohuwar ke ƙarewa, sai a 56 da 57 ta watsar da akwatunan gaba ɗaya ta shimfiɗa kogin a shafi biyu. A nan na gode wa ɗinkin zare, don littafin yana kwanciya sharaf a kan tebur, tsakiyar hoton bai nutse cikin gindi ba kamar yadda ake gani a waɗanda aka manne da gam. Babban kamfani zai iya cewa shafi takwas babu magana asarar takarda ce. Ita ba ta da wanda zai ce mata haka, kuma kuɗinmu ne ya saya mata wannan 'yancin. A wannan daren da za a ce in ba da tauraro, biyar zan bayar in nemi na shida.

Sai da na rufe littafin na shafa bangon, yatsana ya ci karo da wani ƙarce, dogo, daga kan sunan littafin har gefen kwale-kwale. Ɗan bajen ƙarfen nan ne da ake maƙalawa a riga, wanda aka ƙara mana kyauta. An jefa shi cikin ambulan ɗin haka nan babu leda, ya yi ta yawo a kan bangon tsawon tafiyar. Kwana ɗaya kuma ta lotsa, don babu kwali ko ɗaya a ciki da zai tare ta. Na farkon, mai gurgun cikin, shi ne ya zo bangonsa tas.

Daga nan duk abin da na danne ya taso.

Bajen nan da sitika da katin alamar shafi su ne asalin jinkirin. Kuɗin da ta nema ya cika cikin kwana uku, sai aka shiga rawar ƙafa: in mun kai kaza za a ƙara shafi 24, in mun kai kaza bango zai zama mai tauri, in mun kai kaza kowa zai samu baje. Ni ma na yi ta tafi, har na tura wa abokai su shigo mu kai ga bajen, don haka ba na wanke kaina. Amma ita ce ta san hannunta, ita ta san shafi nawa take iya zanawa a sati. Ƙarin shafi 24 ya cinye wata uku. Ta miƙa aikin ga maɗaba'ar da ke China dab da hutun sabuwar shekararsu, wanda a 2024 ya faɗo 10 ga Fabrairu, ma'aikatu suka rufe kowa ya tafi gida. Da samfur ya fito, shuɗin kogin ya mutu, don launin da allon kwamfuta ke yi da haske ba duka ne tawada huɗu ta maɗaba'a ke iya kamawa ba, sai da ta bi shafukan ta gyara. Sannan jiragen dakon kaya suka daina bin Bahar Maliya saboda hare-hare, suka koma zagaye ta kudancin Afirka, tafiya ta ƙaru. Waɗannan biyun na ƙarshe ba laifinta ba ne, na yarda.

Shirun nata ne laifinta. Daga Maris zuwa Yuli, wata huɗu cur, ko layi ɗaya ba ta rubuto mana ba. Mutane suna ta tambaya a shafin karo-karon, wasu har sun fara kiranta 'yar damfara, ni kuma ina ta kare ta kamar ƙanwata ce. Alhali a Instagram kullum tana nan tana saka zanen kyanwarta. Da ta ce mana shuɗi ya lalace ina gyarawa, wallahi da babu wanda zai ce uffan. Daga baya ta rubuta cewa kunya ce ta hana ta, kullum tana jira sai ta samu labari mai daɗi. Na fahimta, amma fahimta daban, hucewa daban.

Kuɗin aikawa ma sai da aka sake neman ciko, wai farashi ya tashi tun lokacin da aka ƙiyasta, ga bango mai tauri ya ƙara nauyi. Na biya ina ƙunƙuni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hoton da na gani a Nuwamba: ga ta a wani taron baje kolin littattafan zane, littafin jibge a gabanta, tana sa wa masu wucewa hannu. Wanda bai san da zamanta ba sai ranar ya riga ni karantawa, ni da na ba da kuɗi tun littafin yana zanen fensir. Na san tana buƙatar kuɗin teburin, na san ita da ƙanwarta kaɗai ke naɗe ɗaruruwan ƙunshi a falo. Duk da haka ya yi mini zafi, kuma har yanzu in na tuna yana yi.

Cikin wannan jiran ne na sayi wasu ƙananan littattafai uku kai tsaye daga wata ƙaramar maɗaba'a ta mutum biyu, irin masu bugawa da injin Risograph. Sati uku suka iso, cikin kwali mai kauri, an naɗe kowanne. Tawadar Riso ba ta bushewa sarai, na gama karatu babban yatsana ya yi ruwan hoda, launukan ma ba su hau kan juna daidai ba, amma wannan shi ne kyansu. Su ba su yi mini alkawarin komai ba, abin da ke kan kanta suka sayar mini. Kuma tun da Diamond, babban dillalin da a lokacin yake raba littattafan zane ga shaguna a Amurka, ya shigar da takardar karyewa a Janairun 2025, irin waɗannan ƙananan sun ƙara dogara ga wanda zai saya daga hannunsu. Yanzu rabin abin da nake warewa can yake tafiya.

To tauraro nawa? Labarin da zanen biyar. Yadda ta ɗauki kuskuren maɗaba'a a kanta, biyar. Naɗin kaya biyu, kuma don zanen fensirin nan ne ban ce ɗaya ba. Shirun wata huɗu ba shi da tauraro. Ta sanar da littafi na biyu, na shiga, amma matakin littafi zalla na zaɓa, na kuma rubuta mata a fili cewa in an kai ga baje a ba wani nawa, ni a sa mini kwali.

Kwafin farkon yana nan, ban yar ba. Wani abokina ya gan shi a kan kanta, bangon ya burge shi, ya ce in ara masa. Na miƙa masa ban ce komai ba. Ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare wayata ta yi ƙara, ko sallama bai yi ba, ya ce, "Kai malam, me ya samu tsohuwar nan?"